Fargaba a Ƙirjin Mai Ciwon Zuciya: Me Numfashi da Tabaran VR Za Su Iya?

Duk likitan zuciyar da ya daɗe a bakin aiki ya san irin wannan majinyaci. An buɗe masa hanyar jinin da ta toshe, gwaje-gwaje sun yi kyau, an sallame shi da ledar magani, amma mako biyu bai cika ba ga shi ya dawo. Barci ya gagare shi. Ya daina hawa bene, ya ajiye tuƙi, ya ƙaurace wa shimfiɗar iyalinsa, ko ɗan tari ya yi sai ya dafe ƙirji ya yi shiru yana jiran abin da zai biyo baya. An gyara zuciyar, amma mai ita ya daina yarda da ita. Shekaru da yawa asibitoci suna ɗaukar wannan a matsayin abin da zai wuce da kansa. Yanzu an gane ba haka ba ne, kuma cikin hanyoyin da ake gwadawa don rage wannan fargaba akwai guda biyu da ake yawan ambata tare. Ɗaya tsohuwa ce, wato koya wa mutum sakin jiki da sarrafa numfashi. Ɗayar sabuwa ce, wato tabaran kwamfuta da ake kira VR, wanda idan ka saka shi sai ka ga kamar an ɗauke ka an kai ka wani wuri daban.

Kafin a auna su, sai a fara da abin da tsoro ke yi wa zuciya, domin nan ne maganar take da tushe. Tun 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu idan ya hango hatsari. Sinadarin adirenalin yakan kwararo cikin jini, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, kuma ya fi saurin daskarewa. Ga lafiyayyen da kare ya biyo, wannan rahama ce. Ga mai ciwon zuciya kuwa akwai matsala ta musamman: tsokar zuciya tana samun mafi yawan jininta ne a ɗan tsakanin nan da take saki bayan kowane bugu. Idan bugun ya yi sauri, tsakanin sai ya gajarta. Ke nan a daidai lokacin da zuciya ke buƙatar ƙarin iska saboda aikinta ya ƙaru, a lokacin ne abin da ke isar mata yake raguwa. In dama hanyoyin a ƙuntace suke, ciwon ƙirji na iya tashi, ko bugun ya rikice.

An ga wannan a fili. Ranar 17 ga Janairun 1994, da asuba, girgizar ƙasa ta afka wa unguwar Northridge a Los Angeles. Da masu bincike suka bi takardun mace-mace, sai suka tarar mutum 24 ne suka yi mutuwar fuju'a ta dalilin ciwon zuciya a wannan rana, alhali a makon da ya gabata abin bai wuce kimanin mutum 5 a rana ba. Ba gini ne ya danne su ba. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006 kuma, likitocin birnin Munich sun ƙidaya masu matsalar zuciya da aka kai wa agajin gaggawa, suka ga a ranakun da Jamus ke buga wasa adadin ya ninka fiye da sau biyu da rabi, a maza ma fiye da sau uku. (Masu cika gidajen kallon ƙwallo da hawan jininsu, sai su yi wa kansu hisabi.) Akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, takotsubo, inda mummunan labari ko firgici mai tsanani ke sa ɓangaren hagu na zuciya ya saki ya kumbura, ya ba da alamun bugawar zuciya sak, alhali hanyoyin jinin a buɗe suke. Galibin waɗanda yake kamawa mata ne da suka manyanta.

Wannan na firgicin lokaci guda ke nan. Fargabar da ke zama da mutum wata da watanni ita ma tana da nata lissafin. Wani nazari na 2010 da ya haɗa bincike 20, masu ɗauke da mutum kusan 250,000, ya nuna masu fama da yawan fargaba sun fi sauran mutane hatsarin kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 26 cikin ɗari, hatsarin mutuwa ta dalilinsa kuma da kashi 48. Ba duka ne aikin adirenalin ba. Mai tsoro yakan guji motsa jikin da aka umarce shi da shi, don da zarar ya ji zuciyarsa ta ɗaga sai ya ɗauka ajali ne. Yakan koma taba, ya rasa barci, wani ma ya daina zuwa ganin likita don kada a gaya masa abin da ba ya so ya ji.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne alamun tsoro da na ciwon zuciya sun yi kama sosai: faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, sarƙewar numfashi, zufa, jiri. Wani bincike a asibitin zuciya na Montreal a Kanada, cikin 1996, ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na masu zuwa sashen gaggawa da ciwon ƙirji suna da larurar firgici, kuma mafi yawansu likitocin da suka duba su ba su gane hakan ba. To, ka ɗauki mutumin da zuciyarsa ta taɓa bugawa da gaske. Ya ji wani motsi a ƙirji, ya tsorata, tsoron ya ƙara saurin bugun, saurin ya tabbatar masa da zarginsa, abin ya yi ta juyawa. Waɗanda aka dasa wa na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki idan bugunta ya rikice sun fi kowa sanin wannan hali, don wasunsu kullum cikin zullumin ranar da na'urar za ta harba suke.

Me zai hana a ba su ƙwaya kawai? Ana bayarwa, kuma tana da gurbinta. Gwajin da aka buga a 2002 ya nuna maganin sertraline ba ya cutar da waɗanda zuciyarsu ta buga, kuma likitoci na amfani da shi ga masu ciwon damuwa. Amma magungunan kwantar da hankali na nan take, dangin diazepam, jiki na sabawa da su har mutum ya kasa bari, suna sa tsofaffi tangaɗi da faɗuwa da rikicewar tunani, suna kuma iya danne numfashi. Ga mutumin da yake haɗiyar ƙwaya shida ko bakwai kowace safiya, duk hanyar da ba ta ƙara masa ta takwas ba abar dubawa ce.

Sakin jiki a matsayin magani ya kusa shekara ɗari. Edmund Jacobson, likita a Chicago, ya fitar da littafinsa a 1929, inda ya koyar da ɗaure tsoka da sakinta gaɓa bayan gaɓa, daga hannu zuwa kafaɗa zuwa fuska har ƙafa, don mutum ya koyi bambanta jikin da ke ɗaure da wanda ke sake. Da yawanmu ba mu san kafaɗunmu a ɗage suke ba sai an ce mu sauke su. A Jamus, Johannes Schultz ya kawo tasa hanyar a 1932, inda mutum ke maimaita wa kansa a zuci cewa hannunsa ya yi nauyi, ya yi ɗumi, numfashinsa ya lafa. Wanda ya shigar da maganar cikin likitancin zuciya kai-tsaye kuwa shi ne Herbert Benson na Harvard, wanda shi kansa likitan zuciya ne. A littafinsa na 1975 ya nuna cewa kamar yadda jiki ke da hanyar tashi, yana da hanyar lafawa, kuma ana iya kunna ta da gangan. Muhimman sharuɗɗansa biyu ne: maimaita wata kalma ko jimla ko addu'a, da kuma barin duk tunanin da ya kutso ya wuce ba tare da an yi kokawa da shi ba, na minti goma zuwa ashirin, sau ɗaya ko biyu a rana.

Ga yadda abin yake a aikace. Majinyaci ya zauna ya jingina, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan ciki. Ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, ya lura hannun da ke kan ciki ne ke ɗagawa, ba na ƙirji ba. Sannan ya sake ta ta baki yana ƙirga shida, ba tare da ya riƙe numfashi ko ya yi yunƙuri ba, domin yunƙuri na ɗaga hawan jini. Tsawaita fitar da iskar shi ne sirrin. Akwai wata doguwar jijiya mai suna bagus da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, aikinta rage gudun zuciya, kuma tasirinta ya fi ƙarfi lokacin da ake fitar da numfashi. Kowa na iya dafa jijiyar wuyan hannunsa ya ji: bugun na ɗan sauri da jan iska, ya ɗan lafa da sakinta. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Wannan ƙirgen na sauko da shi zuwa 6.

Wannan adadi na 6 yana da labari. A 2001, Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia a Italiya ya auna mutane suna jan carbin Katolika da harshen Latin, da kuma suna maimaita kalmomin yoga. Duka biyun sun sauko da numfashi zuwa kusan 6 a minti ba tare da an ce musu su yi hakan ba, kuma tsarin da jiki ke daidaita hawan jini da shi ya ƙara kaifi. Binciken a kan waɗannan biyun aka yi shi, amma mai hankali zai ga inda ya dosa. Dattijon da ya saba zama bayan sallar asuba yana jan carbinsa a natse ba baƙo ba ne ga abin da Benson ya bayyana. Ba sai an kawo masa wata al'ada daga nesa ba. Abin da yake buƙata shi ne a nuna masa yadda zai daidaita numfashinsa da abin da ya riga ya saba, ya kuma rage gaggawa.

Shin yana aiki ga masu ciwon zuciya? A 2005 likitan Holan Jan van Dixhoorn da abokin aikinsa Adrian White sun tattara bincike 27, suka ga horon sakin jiki na rage bugun zuciya a lokacin hutu, da fargaba, da yawan ciwon ƙirji. Suka kuma lura da wani abu da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya: horo mai zurfi, wanda ƙwararre ya zauna ya koyar na sa'o'i da dama, ya fi ɗan gajeren bayani ko kaset da za a miƙa wa mutum ya tafi da shi. A Uppsala ta Suwidin, an bi mutum 362 masu ciwon zuciya kusan shekara takwas. Waɗanda aka ba horon sarrafa damuwa, zama 20 na awa bibbiyu cikin shekara guda, sun samu ragin kashi 41 cikin ɗari na sake afkuwar ciwon. A Jami'ar Duke ta Amurka, James Blumenthal ya raba mutum 151 gida biyu, duka suna shirin farfaɗowa na motsa jiki na mako 12, amma rabi an ƙara musu horon sarrafa damuwa. A sakamakon da aka buga a 2016, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ƙara wa horon ne suka sake samun babbar matsala, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 33.

Kada dai a yi saurin tafi. Babban gwajin ENRICHD na 2003, mai mutum 2,481, ya kula da ciwon damuwa da kaɗaici ga waɗanda zuciyarsu ta buga. Hankalinsu ya ɗan kwanta, amma mace-mace ba su ragu ba. Shi ya sa a 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta tsaya a kan cewa ana iya ƙara irin waɗannan hanyoyi a kan maganin da aka sani, ba a maye gurbinsa da su ba.

To ina tabarau ya shigo? Matsalar sakin jiki ita ce mai tsoro ba ya iya natsuwa da umarni. Ka ce masa ya rufe ido ya tuna wani wuri mai daɗi, da ya rufe idon abin da zai ji shi ne dukan zuciyarsa. Tabaran VR na rufe ido da kunne daga ɗakin asibiti, ya cika su da wani abu daban, in ka juya kai hoton ya juya tare da kai. Hankalin ɗan Adam kuwa yana da iyaka, abin da ya tafi wajen kallo ya ragu daga abin da zai tafi wajen tsoro. Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington a Seattle ne suka fara nuna wannan tun 1996, ga masu ƙunar wuta da ake wanke wa miki. Suka ƙirƙiro musu duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, majinyaci na jifan tsuntsaye da dunƙulen ƙanƙara ana ɓare masa bandeji, kuma zafin da suke ji ya ragu ƙwarai. Tun kafin nan ma, a 1984, Roger Ulrich ya nuna cewa a wani asibitin Pennsylvania waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi bayan tiyata sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, sun kuma sha maganin kashe zafi mai ƙarfi ƙasa da su. Shi kuwa tabaran VR ya yi araha ne bayan 2014, shekarar da Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera shi a kan dala biliyan 2.

A sashen zuciya, inda ya fi dacewa shi ne ɗakin da ake zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuwa zuciya don a duba toshewa. Ba a sa mutum barci. Yana kwance a kan siririn gado mai sanyi, an lulluɓe shi da ƙyalle, ƙaton injin hoto na zagaya ƙirjinsa, likitoci sanye da riguna masu nauyi suna magana da kalmomin da bai sani ba, na'ura na ƙara da kowane bugun zuciyarsa, kuma an ce kada ya motsa. Tsoro a nan ba a rai kaɗai ya tsaya ba, don yana iya sa jijiyar hannun ta tsuke ta kama bututun, aikin ya yi wuya. Idan aka saka masa tabarau yana kallon kogi ko daji, wata murya na ja masa ƙirgen numfashi, ƙananan gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban sun nuna da yawa sukan ce tsoronsu ya ragu. Haka ma a daren jajibirin tiyata, da kwanakin ɗakin kulawa ta musamman inda fitila ba ta mutuwa.

A fannin farfaɗowa kuwa, aikin da aka fi ambata na masu bincike ne a Wrocław ta ƙasar Folan, wanda aka buga a 2021. Majinyaci kan shiga wani lambu na cikin tabarau, zama takwas na kimanin minti ashirin. Da farko lambun a dushe yake, ba launi. Da kowane zama sai ya ƙara kore da furanni, murya na yi masa magana a kan ƙarfin da ya rage masa. Da aka gwada su da waɗanda aka yi wa horon Schultz na gargajiya, masu lambun sun fi samun sauƙi a ma'aunin fargaba da damuwa.

Nan ne ya kamata a taka a hankali. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, mutane kaɗan ne ba dubbai ba. Ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa an saka masa tabarau, don haka ɗokin sabon abu da jin cewa ana ba shi kulawa ta musamman na iya shiga cikin amsar da zai bayar, kuma amsar tasa a takarda ita ce ma'aunin. Bibiyar gajera ce, makonni ne. Babu wani babban gwaji da ya nuna tabarau na rage mutuwa ko sake bugawar zuciya. Ko shirin VR da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2021, na ciwon baya ne mai naci, ba na zuciya ba, kuma in ka duba cikinsa darussan numfashi ne da gyaran tunani. Tabarau cokali ne. Maganin da ke cikinsa tsoho ne.

Yana kuma da nasa illolin. Wasu na jin jiri da tashin zuciya, don ido na ganin motsi alhali jiki na kwance, kuma waɗannan alamu ne da mai ciwon zuciya zai iya fassarawa da mugun nufi. Kamfanin Meta, wato Facebook na da, da kansa ya yi gargaɗi cewa na'urarsa na ɗauke da maganaɗisu da ka iya shafar abin da aka dasa wa mutum a ƙirji don daidaita bugu, don haka sai da izinin likita. A ɗakin zura bututu, likita na buƙatar ganin fuskar majinyaci da jin amsarsa. Ga tsaftace na'urar tsakanin mutum da mutum. Sannan abin da ake nunawa ba kowa yake kwantar wa da hankali ba: wanda bai taɓa shiga kwalekwale ba, ka jefa shi tsakiyar teku da kifaye na zagaya shi, ka ƙara masa wani tashin hankalin ne.

A ƙasashenmu hoton ciwon ma daban ne. Binciken THESUS-HF na 2012, a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya duba mutum 1,006 da zuciyarsu ta gaza, ya tarar matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne babban sanadi. Ga kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda likitoci suka bayyana yawanta a Zariya tun shekarun 1970, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero kuma ya jagoranci bincike mai faɗi a kanta. Yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, da jariri a hannu, ƙafa a kumbure, ba ta iya kwanciya sai a jingine, an kuma ce mata wani cikin na iya zama hatsari gare ta: fargabarta ta haɗa da ta aurenta, da kuɗin magani, da abin da dangin miji za su ce. Lambun cikin tabarau ba zai amsa ko ɗaya daga ciki ba. Abin da akasari take samu shi ne “ki cire damuwa a ranki” daga bakin likitan da ke da layin mutane a ƙofa, sai “a yi haƙuri, sai addu'a” daga 'yan dubiya. Duka biyun da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, amma babu wanda ya nuna mata yadda ake cirewar.

Akwai kuma wani kuskure da wannan magana za ta iya ƙarfafawa idan ba a yi hattara ba. Mutane da yawa sun ɗauka hawan jini ciwon tunani ne kawai, don haka da zarar hankali ya kwanta sai a ajiye ƙwaya. Hawan jini ba ya jin wannan. Yana ci gaba da ɓarna a zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa ko da mutum na cikin annashuwa.

A ganina, asibitin da ke da ɗakin zura bututu, yana da halin sayen tabarau biyu ko uku, ya saya, ya yi amfani da su a wannan awa guda ta tsananin tsoro, inda suka fi nuna amfani. Amma kuɗin farko ya kamata ya tafi wajen horar da nas-nas su zauna da majinyaci kafin sallama, su bayyana masa da harshensa abin da ya same shi, wane motsi a ƙirji ne ba komai ba, wanne ne na gaggawa, yaushe zai koma tafiya da aiki da iyali, sannan su koya masa numfashin nan har ya iya, su kuma tambaye shi a kai duk ranar da ya dawo. Wannan ba ya buƙatar wutar lantarki ko intanet.

Kai kuma mai karatu, idan kai ne mai ciwon ko kana jinyar wani, fara da minti goma safe da yamma, a lokacin da kake lafiya lau, don jiki ya saba kafin ranar buƙata, kuma kada ka taɓa maganinka sai da sanin likita. Idan fargabar ta hana barci da cin abinci na makonni, faɗa wa likita ƙarara, akwai magani. Amma idan nauyi ya danne ƙirji ya wuce 'yan mintuna, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko ya zo da zufa mai sanyi da sarƙewar numfashi, kada ka zauna kana ƙirga huɗu da shida. A nemo mota a tafi asibiti nan take.